Inda Bidiyon Baba Ya Yi Tsalle

Jiya da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, iska ta kwaso ledojin bakin titin Kalgo ta watsa mini cikin shago, ƙamshin ƙasa ya iso tun kafin ɗigon farko ya sauka. Kowa a layinmu murna yake yi, mai shayi har da ɗaga hannu sama. Ni kuwa raina ne ya ɓaci, kamar yadda yake ɓaci duk shekara idan ruwan shuka ya zo, don wannan ƙamshin ba ya tuna mini komai sai bazarar da muka rasa kwarin gonarmu a Malisa.

Shekarun sun ɗan ja. Lokacin ina ɗalibi a jami'ar nan ta Kalgo, ina karatun kwamfuta, azumi kuma yana faɗowa a tsakiyar zafi, ba irin na yanzu da ya matso wajen sanyi ba, har yara ke cika baki wai ba su sha ko ɗaya ba.

Daminar da ta gabaci wannan bazarar ruwa ya yi mana ta'adi. Ambaliya ta kwanta a kwari har shinkafa ta ruɓe a tsaye, ta tafi da kunyar ƙasa da jerin gambar da suka raba gonarmu da ta Bappa Umaru, ƙanen mahaifinmu. Da ruwan ya janye sai wurin ya zama shafe ɗaya, laka tun daga gindin aduwa har bakin rafi. Geron tudu kaɗai muka samu, shi ma bai kai abin da aka saba ba.

Baba ya san halin ƙanensa. Shi ya sa bayan girbi, yana fama da tarin da ya zama ajalinsa, ya sa yayana Bello ya bi shi da waya yana ɗauka, shi kuma ya zagaya gonar da sandarsa yana nuna iyaka. Ba a daɗe ba ya rasu. Ina cikin jarrabawa aka kira ni. Kafin in sami motar Gwandu, in hau babur zuwa Malisa, an riga an dawo daga maƙabarta. Na tarar da tabarmi da masu gaisuwa, ban tarar da Baba ba.

Zafi na shigowa Bappa ya je ya kafa turken iyaka. Da ɗan gefe ya ci, da mun yi masa shiru don zumunci. Amma ya shigo har ya haɗe kwarin gaba ɗaya, wurin da ruwa ke kwanciya, inda muke samun shinkafa da damina, mu yi albasa da rani. In ka cire kwarin nan, abin da ya rage wa gidanmu yashi ne da gero, ga Inna, ga matar Yaya Bello da 'ya'yansa, ga ni da ba na kawo ko ƙwaya.

Aka zauna a zauren mai gari ana gobe ko jibi a ga watan azumi. Na zo daga makaranta musamman, ina jin kaina, don na san muna da abin da zai rufe bakin kowa, ko da yake har lokacin ban sami zuciyar kallon bidiyon ba. Yaya Bello ya miƙa wayar, dattawa suka haɗa kai a kanta. Ga Baba da sandarsa da tsohuwar malfarsa, yana tafe yana tari, yana nuna iyakar tudu da ba wanda ya yi gardama a kanta. Ya iso gindin aduwa, daidai inda zai gangara kwari, ya juyo zai yi magana. Sai kawai hoton ya yi tsalle. Ga Baba can bakin rafi, yana kakkaɓe laka daga takalminsa, ya gama.

Bappa ya gyara zama ya ce, "Ni ba ni gardama da mamaci. In Yaya ya gwada iyaka, ku gwada min inda yag gwada."

Aka sake kunnawa, ya sake yin tsalle a wuri ɗaya. Yaya Bello ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Waya ta, rannan ta yi zahi ta riƙa tsayawa."

Na ce wa mai gari a ba ni lokaci, wannan aikina ne, abin da ya ɓuya a cikin fayil zan fito da shi. Ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko, tai ka gyaro. Amma ka sani, in ruwan shuka ya sauka ba ku kawo komi ba, ba ni iya hana mutum shuka inda turkenai yake."

Haka azumin ya kama ni a gida da kwamfutata da memorin wayar Yaya Bello.

Ban taɓa ganin zafi irin na wannan shekarar ba, kuma ba na fatan in sake gani. Da asuba Inna, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, takan ɗumama tuwon da ya kwana, a tsinka miyar kuka da ruwa don ta isa kowa. Rumbu ya yi ƙasa har sai an shiga ciki da tsintsiya. Kullum sai ta auna geron kunu ta sake zuba kaɗan ta mayar, tana yi tana juya mana baya don kada mu gani, mu ma muna yi kamar ba mu gani ba. Ana sallame asuba ni da Yaya Bello mu ɗora wa jaki mangalar taki mu nufi tudu. Mu zuba tsibi-tsibi, mu share kara, mu ƙona ƙaya, idonmu yana kan turken Bappa da ke tsaye can ƙasa. Kafin hantsi ya yi kyau yashi ya fara cin tafin ƙafa ta cikin takalmi, miyau ya kafe, harshe ya zama kamar ɓawon itace.

Da rana gari yakan mutu. Maza su kwanta a ƙarƙashin dogon yaro da jiƙaƙƙen zane a ƙirji, kafin ka juya ya bushe. Rijiya ta ja baya, guga ya riƙa fitowa da rabin laka, mata su jera tuluna su jira ta taru. Awaki ma sun daina kuka. A wannan lokacin ni nake shiga zaure in buɗe kwamfuta a kan turmin da aka kife, gumi yana ɗiga daga haɓata a kan maɓallai.

Wuta kuwa sai dai labari. Batirin kwamfutar ya tsufa, ba ya kai ni ko'ina, don haka kusan kullum sai na ari babur na tafi Gwandu wajen wani mai caji da ke kusa da tasha, irin masu tura wa mutane waƙa da wa'azi da fina-finai a memori. Injinsa na ta ƙara, shi yana ta yanka wa mutane sauti a wata tsohuwar kwamfuta, ni ina zaune a benci ina jira. Mu gaisa, ya yi mini sannu da ƙishirwa, in yi masa. Ku riƙe wannan mutumin a ranku.

Abin da nake yi a kwamfutar ba kallon bidiyo ba ne, na kalle shi har na haddace tarin Baba. Akwai wata baƙar taga da ake buɗewa, babu hoto babu ado, sai dai ka rubuta umarni kwamfuta ta ba ka amsa da rubutu. Da ita ake tambayar fayil abin da ke cikinsa. Malaminmu ya taɓa nuna mana a gurguje, rabin aji na barci, ni ma ban ɗauka zai yi mini rana ba. Na fara da tambayar farko, fayil ɗin ya ce yana ɗauke da igiya biyu, ta hoto da ta murya, kuma tsawonsu ya zo daidai. Wannan ya fara damuna. Waya in ta sarƙe, sau da yawa murya takan ci gaba ko da hoto ya tsaya, a sami saɓani. A nan babu saɓani ko kaɗan.

Sai na ce ya jero mini hotunan ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna zaton bidiyo hotuna ne cikakku da aka jera suna gudu. Da haka ne da memori ɗaya ba zai ɗauki ko walimar suna ba. Abin da waya ke yi shi ne ta ɗauki cikakken hoto guda, sannan waɗanda ke biye da shi ba sa ɗaukar komai sai abin da ya canza: hannu ya ɗaga, sanda ta matsa, ganye ya kaɗa. Sama da ƙasa da ba su motsa ba sai a ce a duba na baya. In an yi nisa ta sake ɗaukar wani cikakke, 'yan biye su sake jeruwa a bayansa. A baƙar tagar nan cikakken yakan fito da harafin I, 'yan biyen da harafin P. Wayar Yaya Bello ta masu ƙaramin ƙarfi ce, don ta yi tsimin wuri takan daɗe ƙwarai kafin ta sake cikakke, amma tazararta ɗaya ce ko yaushe, kamar gaɓoɓin rake mai kyau.

Na bi jerin nan da yatsa, kwana da kwanaki, ina yi batir na mutuwa, in je Gwandu in dawo in ɗora. Fatana shi ne in sami wurin da cikakken hoto ya lalace, 'yan biyensa suna nan kwance babu abin da za su jingina da shi, don haka waya ke tsallake su. Da haka ne da akwai dabara. Ko inuwar sandar Baba na samu tana nuna ƙasa, da na kai wa mai gari.

Da yamma mu sha ruwa da kunun tsamiya marar sukari da kwaɗon rama. Ƙanƙara sai dai mu ji ana cewa ta yi tsada a Gwandu. Inna takan tambaye ni, "Nasiru, ya hito?" In ce saura kaɗan. Yaya Bello ba ya tambaya. Ya shanye kununsa ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira ba, ni kuma ina cewa a raina baƙin cikin gona ne ke cinsa. Kullum da la'asar kowa ya fito ya dubi gabas. Duk garin roƙon ruwa ake yi, har an fita bayan gari an yi salla, gidanmu kaɗai ne muke amsa amin da rabin baki.

Ana cikin goman ƙarshe na iso gindin aduwa a cikin jerin. Babu abin da ya lalace. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓaci ba. Abin da na gani shi ne gaɓa ɗaya ta gajarce, 'yan biye suna cikin tafiya aka datse su, sai ga sabon cikakken hoto ya faɗo tun lokacinsa bai yi ba. Na shiga can ciki na duba lambar da wayar ke liƙa wa kowane cikakke bi da bi, na ga ta yi tsalle a daidai wurin. Muryar ma a nan aka datse ta, aka haɗa bakin da kyau. Zafi ba ya yin aiki mai tsabta haka, ruwa ma ba ya yi.

Sai na rubuta umarni na ƙarshe, wanda da shi ya kamata in fara, na ce fayil ya faɗa mini wanda ya rubuta shi da ranar da aka rubuta. Ranar ta faɗo bayan rasuwar Baba, cikin makon zaman makoki. Sunan da ya fito kuma ba na waya ba ne, na wata manhajar yanka ce, wadda na gaji da ganinta a buɗe a kwamfutar mai cajin nan na bakin tasha.

Ban san yadda na kai Gwandu ba. Na tarar da shi yana fifita da kwali. Na ce masa ya dubi Allah da azumin da ke bakinsa ya faɗa mini nawa Bappa Umaru ya ba shi.

Ya ce, "Wane Bappa? Yayanka na yak kawo. Yac ce in hidda mai wata 'yar magana da tsoho yay yi, ba ta da yawa."

Na ce, "Magana ya ce ka cire, kai kuma ka haɗa da gona."

Ya ce, "Malam, abin ga ba ya yanka inda kaka so. Sai ga gaɓa. Na aza wuƙa inda yac ce, maganar ba ta ƙare ba sai cikin gaɓa ta gaba, dole a tai da ita duka. Na hwaɗa mai za ya ci gaba kaɗan, yac ce ba komi."

Na tambaye shi na asalin. Ya ce Yaya Bello ya sa ya goge, daga baya ma ya dawo an wanke memorin an cika shi da karatun Alƙur'ani saboda Inna, aka mayar da wannan guntun a kai. A kwamfutarsa kuwa ba ya ajiye kayan mutane, wuri bai ishe shi ba. Na ce duk zaman da na yi a bencinsa yana kallona ina haƙa rami a inda ya san babu ruwa, me ya hana shi magana? Ya ce ai ban tambaye shi ba. Wallahi ba don azumi ba da na kifar masa da teburin.

A hanyar komawa iska ta juya. Kafin in kai gida gabas ta yi baƙi ƙirin, ana shan ruwa aka tsuge. Yara suka fita tsirara suna tsalle, mata suka jera kwanoni a bakin indararo, ƙamshin nan ya cika gari. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon ruwan, ba ta tambaye ni ko ya fito ba. Ta riga ta gani a fuskata.

Gari na wayewa kowa ya fita shuka. Ba a fashin ranar nan ko da gawa a gida, balle fushi. Yaya Bello na gaba da sungumi yana sara, ni ina biye da ƙwaryar iri, in jefa in take da diddige. Ƙasa ta yi laushi, sanyinta na shiga tsakanin yatsu. Can ƙasa 'ya'yan Bappa sun cika kwarinmu, har da waƙa. Muka yi layi muka dawo, muka sake yi, sai da muka iso gindin aduwa na ajiye ƙwaryar.

Na ce, "Yaya, na je wurin mai caji."

Bai juyo ba. Ya sari rami ɗaya, ya sari na biyu, sannan ya tsaya ya dogara da sungumin.

Na ce masa duk abin da ke bakina. Na ce ya sayar da mu, ya sayar da Inna, ya bar ni ina wahala da ƙishirwa a kan babur yana kallo. Na ce ya faɗa mini abin da Bappa ya yi masa alkawari. Ya bar ni na gama, har muryata ta dushe.

Ya ce, "Bappa bai san komi ba. Sa'ad da nis sa anka yanke, ba wanda yat taɓa zancen turke. Ban san ya ci iyaka ba sai gaban mai gari, don ban iya sake kallonai ba."

Na ce, "To me Baba ya ce da har ya fi gona?"

Ya ce, yana kallon ƙasa, "Nan yat tsaya, inda kake tsaye. Yac ce, Bello, kai ka riƙe wurin ga. Nasiru kam hidda shi cikin lissahi, wanda yat tahi boko ba ya dawowa ga noma. Ko gawata sai dai a ba shi labari."

Na dubi inda nake tsaye.

Ya ce, "Kaz zo ba ka ishe shi ba, kana kuka awa ƙaramin yaro. Kac ce in tura maka hoton, shi ɗai ya rage maka na muryatai. In ba ka wanga ka ji?"

Na ce da ya ba ni. Na ce da na ji, na yi kukana na share, muna da shinkafa. Wa ya ce masa ni ƙwai ne? Wa ya ba shi izinin ya zaɓar mini abin da zan ji daga bakin ubana? Ya ɗaga sungumi ya ci gaba da sara, ni ma na ɗauki ƙwaryar, don rana na yi kuma ƙasa ba za ta daɗe da laima ba.

Ba mu koma wurin mai gari ba. Me za mu ce masa? Shekarar nan mun ci gero har ya ƙare, muka ci dusa, Inna ta sayar da tumakinta. Bappa ya aiko mana da shinkafar kwarinmu a ƙwarya wai sadaka, Inna ta karɓa ta yi godiya, abin da har yau ban yafe wa kowa ba.

Yanzu ina da shagona a Kalgo. Waya ta yanzu tana ajiye kwafin komai a intanet ko ba ka ce mata ba, kuma duk wanda ya kawo mini bidiyo ya ce in yanke masa wani wuri, sai na fara ajiye na asalin a gefe, ko ya so ko ya ƙi. Wasu su ce na cika tsirfa. Ba na yi musu bayani.

Fushin kuwa yana nan, wanda zan ba shi ne na rasa. Bappa ya tsufa har ba ya gane mutane. Mai caji ya bar sana'ar. Yaya Bello in na tayar da zancen sai ya tashi ya ba ni wuri. Saura mutum ɗaya, shi kuma ya faɗi tasa ya tafi, bai tsaya jin tawa ba.

Shi ya sa tun daga wannan shekarar ruwan shuka bai taɓa sauka ya wuni ina Kalgo ba. Ba son noma nake yi ba, har yau sungumi yana fasa mini hannu, 'ya'yan Yaya Bello suna yi mini dariya. Yau ma da asuba na sa wa shago kwaɗo, na hau motar farko ta Gwandu. Muka yi shuka tun daga kan tudu har gindin aduwa, inda gonarmu ta tsaya yanzu. Da muka iso wurin na bar su suka juya, na jefa irin ƙarshe na take shi da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Na ce, "Ga ni nan, Baba. Sai ka sake wata maganar."